Maganar Da A Ke Yi Kafin Magana

Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci, zuwa ga dukan masu karanta wannan shafi, malamai da almajirai, 'yan kasuwa da manoma, na birni da na ƙauye. Muna fata kuna nan lafiya, ku da iyalanku. Bayan haka.

Bisa al'ada, in mai rubutu ya ce bayan haka, to, ya gama da gaisuwa ke nan, sai ya kama abin da ya kawo shi. Mu kuwa yau ba mu da inda za mu wuce, gama abin da ya kawo mu shi ne gaisuwar kanta.

Dalili shi ne wata gardama da aka yi a gabanmu kwanan baya, a zauren wani dattijo, bayan la'asar. Wani saurayi mai aikin fassara a gidan rediyo ya zo da tambaya. Ya ce ya ci karo da wata kalma ta Turawan Ingila, wadda in an juya ta yadda ta ke sai a ce "ƙaramar magana", watau 'yar maganar nan ta ladabi da mutum biyu su kan yi in sun haɗu, wadda ba ciniki a cikinta, ba saƙo, ba shawara. Labarin da ya ke fassarawa kuwa na shugabannin ƙasa biyu ne da suka yi irin wannan magana a bakin ƙofa kafin su shiga taro. Ya ce ya rasa sunanta da Hausa, lokaci kuma ya ƙure masa, sai ya sa "surutu". Wani ya ce a'a, ai hira ce. Wani ya ce taɗi. Mai gida bai tanka ba sai da aka lafa, sa'an nan ya dubi saurayin ya ce, "Da ka shigo nan, me muka yi ni da kai kafin ka zauna?" Ya ce, "Allah gafarta malam, gaisawa muka yi." Ya ce, "Ashe surutu na yi maka, ɗana?" Aka yi dariya, saurayi ya sunkuyar da kai.

Mun ga ya kamata mu ɗauko maganar daga zaure mu kawo ta nan, domin sunan da mutane suka ba abu shi ke nuna matsayin da suka aje shi. Yaron da ya tashi yana jin rediyo na kiran gaisuwar manya surutu, ba zai daɗe ba shi ma zai fara ganinta hakanan, ya riƙa jin nauyin tsayawa ya yi ta.

Surutu dai aibi ne, yawan magana ne ba kan gado, ba kuwa wanda zai ji daɗi a kira shi sarkin surutu. Wannan ya fita. Hira ta fi kusa, amma hira tana bukatar zama, tana bukatar sarari, galibi da dare a ƙofar gida ko a dandali, tsakanin waɗanda suka riga suka saba. Hira kuma tana da abin ciki: farashin gero, wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, labarin wanda ya dawo daga Makka. Taɗi ɗan'uwan hira ne, sai dai a Kano in saurayi ya yi wanka ya shafa turare ya ce za shi taɗi, ko za shi zance, ba mai tambayarsa wurin wa. In an ce a rediyo shugabanni biyu sun yi taɗi a bakin ƙofa, an ba masu shayi abin dariyar kwana uku.

Kalmar da ta dace tana nan a bakin kowa tun da safe. Gaisuwa ce. In ta yi tsawo, ana kai da komowa, wannan ya tambaya wancan ya amsa, sa'an nan a juya, sai a ce gaishe-gaishe. Gai da, da gaishe, da gaisa, da gaisuwa, duk reshen itace ɗaya ne. A duba "gaisa" da kyau: mutum ɗaya ba ya gaisawa, sai an ce sun gaisa, ko ya gaisa da wane. Babban abin da ya raba ta da hira kuwa shi ne, hira a kan ƙi ta ba laifi. Ka ce wa abokinka kana sauri, sai an jima, ba zai riƙe ka a zuciya ba. Amma ka wuce shi ba ko sannu, to, kafin magariba unguwa ta san akwai wani abu tsakaninku. Har ma muna da suna na musamman domin yanke gaisuwa, shi ne gaba. In an ce wane da wane suna gaba, ba a nufin sun yi dambe, ana nufin ba su gaisawa. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san fara sallama sunna ce, mayar da ita kuwa wajibi. Abin da mayar da shi wajibi ne, ina a ka ga an kira shi ƙarami?

Bari mu kwance gaisuwar mu ga abin da aka saƙa ta da shi. Da yawa daga cikin zaren nata na Larabci ne da ya daɗe a hannunmu har ya zama namu. Lafiya daga al'afiya ta ke, barka daga baraka, alheri daga alhairu, labari kuma daga kalmarsu ta habaru. Sannu kuwa tamu ce ta gida, asalinta a hankali, kamar yadda mu kan ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya tarar da manomi a duƙe ya ce masa sannu da aiki, ce masa ya yi bi a hankali, na ga wahalarka. Ko wane hali da ɗan Adam zai shiga an yanka masa tasa: mai zuwa da mai dawowa, mai jego da ango, wanda ya tsira daga hatsari a ce masa barka da arziki, wanda aka yi wa rasuwa a ce masa yaya haƙuri. Ba mu kaɗai ke da wannan yalwa ba. Yarabawa suna da gaisuwar ko wane aiki da ko wane lokaci, ana fara ta da "e ku". Bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku bayan dokar hana cinikin bayi ta 1807, aka sauke su a Saliyo, Yarabawan cikinsu da gaisuwar nan aka san su, har sunan ya bi su, ana ce musu Aku.

Abin da ke ruɗa baƙo, yana kuma ruɗa waɗansu 'ya'yanmu da suka yi nisa a boko, shi ne ko wace tambaya a cikin gaisuwa da amsarta a ɗaure su ke tafe. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya, ko gajiya ta bi lafiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Yaya ruwa, ya yi gyara. Yaya sanyi, lokacinsa ne. Sai su ce, tambayar da an san amsarta tun ba a yi ta ba, mene ne amfaninta? Amsa ita ce, mai gaisuwa ba kalmomin ya ke saurare ba, don ya san su. Muryar ya ke saurare, fuskar ya ke duba. Da ya ke kalmomin ba su canzawa, duk abin da ya canza a yau daga mai faɗinsu ya fito. Uwa ta kan gane ɗanta na cikin damuwa daga "lafiya lau" guda ɗaya, ko da yana Kurmi ita tana Katsina. Fatake na dā sun san wannan sarai. Kafin a kwance kaya, a cikin gaishe-gaishe a ke gane ko fatoma na cikin walwala, ko garin na zaune lafiya, ko baƙon nan ɗan ina ne, gama harshe ba ya ɓuya: da ya buɗe baki an san Basakkwace ne ko Bazazzagi ko mutumin Damagaram.

Su Turawan ma da suka kira ta ƙarama, masanansu ba su raina ta ba. Akwai wani Malinowski, haifaffen ƙasar Polan wanda ya koyar a Landan. Ya zauna shekaru a tsibiran Trobriand kusa da Niyu Gini lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yana nazarin zaman mutanen wurin. A 1923 ya rubuta bayani a kan irin wannan magana, ya ƙirƙira mata suna daga wata kalmar Yunananci. Abin da ya gano shi ne aikinta ba isar da labari ba ne, ɗaura zumunci ne, kuma ko ina a duniya mutum yana tsoron wanda ya zo ya yi shiru. Mun yarda da shi, ko da ya ke bai faɗi abin da tsohuwa mai ƙosai ba ta sani ba. Sai dai a wuri ɗaya mu ke da ƙari. Baturen Ingila in ya rasa abin cewa ya kan yi maganar ruwan sama, don a wurinsa magana ce marar nauyi. Manomin Daura ko na Maraɗi in ya ce yaya ruwa wajenku a tsakiyar damina, abincin shekara ya ke tambaya. Zai karɓi amsar al'ada tukuna, ya yi gyara, sa'an nan ya gyara tsayuwa ya ji ta gaskiya.

Daga nan sai tuhuma ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Waɗansu masu tsantseni su kan ce, mutum ya kwana da yunwa, ɗansa na kwance, a ce ina kwana ya ce lafiya lau, wannan ba ƙarya ba ce? Mu a ganinmu ba ƙarya ba ce. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka ya ke ba, mai gaishe ka kuwa bai ɗauki lafiya lau a kan shaidar likita ba, kai ma ka san bai ɗauka ba. Daidai ne da "albarka" a kasuwa. Ka taya akuya, mai ita ya ce albarka, ko yaro ya san a'a ya ce, sai dai ya naɗe a'ar cikin addu'a don kada ka ji an kore ka. Haka mai cin tuwo ya kan ce bismilla ga mai wucewa, shi kuma ya ce a ci lafiya, ba wanda ya yaudari wani. Haka baƙo in zai tashi ya kan ce ina zuwa, alhali tafiya za shi.

Larabawa suna kiran wannan hali mujamala, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da sunayen Jamilu da Jamila, watau ƙawata mu'amala. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan da masu zuwa karatu Masar sun san ta, har ziyarar biki da ta makoki a can mujamala a ke ce musu. Mutanen Farisa kuma suna da ta'arufi, wadda suka aro daga kalmar Larabci mai nufin sanin juna, sun kuwa kai ta inda mu ba mu kai ba: mai kanti ya kan ce wa mai saye kayan ba su kai a biya ba, sai an nace masa ya ke karɓar kuɗi, baƙon da ya ɗauki maganar a kan gaskiya ya fita da kaya ya ji kunya. Malamai kuwa tun dā sun ja layi a tsakiyar wannan fage. Sun raba mudara da mudahana. Mudara ita ce tausasa harshe da sakin fuska don a zauna lafiya, ba tare da an sarayar da gaskiya ba, wannan abin yabo ne. Mudahana kuwa, wadda asalinta daga kalmar mai na shafawa ne, ita ce ka bar gaskiya ka shafa wa mutum daɗin baki don abin hannunsa ko don tsoronsa. Gaisuwa tana ɓangaren farko muddin ta san iyakarta.

Iyakar kuwa Hausa ta aje ta, sai wanda bai kula ba. Gaisuwa kamar zaure ta ke a gida. A nan a ke sallama, a nan a ke tuɓe takalmi, a nan a ke shan ruwa, amma ba a nan a ke kwana ba. In an gama gaishe-gaishe a kan yi ɗan shiru, sa'an nan mai gida ya sake cewa, "Lafiya dai ko?" Kalmar ita ce ta ɗazu, amma yanzu tambaya ce ta gaske, baƙo kuma ya san an buɗe masa ƙofar ciki. A nan ne za ka ji an ce, "To, lafiya, amma ba lau ba." Wanda aka aiko da labarin rasuwa ba ya faɗinsa daga bakin ƙofa. Ya kan gaisa tukuna, ya bari a zauna, ya ce jikin wane ya yi tsanani, sa'an nan ya ce sai haƙuri. Cikin wannan ɗan jinkiri zuciyar mai ji ta ke shiryawa. Wani baƙon ma, in bukatar tasa mai nauyi ce, ba ya iya faɗinta sai an rako shi, an zo rabuwa, sa'an nan ya ce, af, na manta. Bai manta ba, mai gida ma ya san bai manta ba, don haka ne mai hankali ba ya barin baƙo ya fita ba rakiya.

To, amma akwai tabon da ya daɗe a jikin wannan kalma, ba kuwa za mu rufe shi ba don muna yabonta. Gaisuwa tana da ma'ana ta biyu, ita ce abin da na ƙasa ke kai wa na sama a hannu. Wani sashe nata ba laifi, kamar kuɗin gaisuwar iyaye a neman aure, ko goron da ɗa ke riƙe wa mahaifinsa, ko damin da almajiri ke kai wa malaminsa da kaka. Amma tun dā aka shigar da wani abu a ƙarƙashin wannan riga. A cikin Kitabul Farƙi, littafin da a ke jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda aka lissafa al'adun zalunci na sarakunan Hausa na wancan zamani, an kawo waɗansu da sunayensu na Hausa a tsakiyar Larabci, gaisuwa kuwa tana cikinsu tare da jangali da kuɗin gari. Bayan shekara ɗari da wani abu, a watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abin da ya kai kuka a kai har da cin hanci da ya game ko wane mataki. Sarauta ta sake, mulki ya sake, kalmar ba ta sake ba. Har yau in an ce wa mai neman takarda a ofis "ba ka gai da mai gida ba", ba ina kwana a ke nufi ba.

Abin da ya sa masu wannan hali suka zaɓi wannan kalma a fili ya ke. Sun san Bahaushe ba ya iya ƙin gaisuwa, sai suka rataya mata kayansu don ta ratsa musu da shi. Mai bayarwa ba ya jin ya yi laifi, ai gaisuwa ya kai. Mai karɓa ba ya jin kunya, ai gaishe shi aka yi. Kakanninmu sun gane wannan dabara, shi ya sa suka ce gaisuwa da roƙon iri. Roƙonmu ga masu rubutu da masu wa'azi da masu rediyo shi ne su kira abin da sunansa. Muna da cin hanci, muna da rashawa, muna da toshiyar baki, ba mu rasa suna ba. In ka ji yaro na zamani ya ce shi ba ya son yawan gaishe-gaishe don fadanci ne, kada ka yi saurin zaginsa. Sau da yawa abin da ya gani ke nan tun yana ƙarami, mutum ya durƙusa yana ranka ya daɗe, hannunsa na cikin aljihu.

Wani abin da ya rage wa gaisuwa tsawo kuma kuɗi ne tsagwaronsu. Sa'ad da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, minti guda naira 50 a ke biya, ko ka cika mintin ko ba ka cika ba, sai a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. A shekarun nan biyu mutane suka koyi abin da iyayensu ba su taɓa yi ba, watau a kira babba a ce masa, Baba, katina zai ƙare, ga abin da ya sa na kira. Tsofaffi da yawa sun ji zafin wannan, waɗansu kuwa ba su fasa ba, sai sun tambayi gida da yara da gajiya da kwana biyu, wayar ta yanke ba a kai ga saƙo ba. Yanzu kira ya yi araha, ga WhatsApp kuma, amma gajartawar ta zauna. Yara na rubuta wa juna slm, ykk, lfy, haruffa uku uku kamar an ƙwace musu sauran. Tsakanin tsara da tsara ba mu ga abin tashin hankali a nan ba, ko dā ma samari ba su yi wa juna gaisuwar fada. Inda ya ke ɓaci shi ne a aika wa kawu ko suruki irin wannan.

Mun bar abin da ya fi damunmu a ƙarshe, shi ne abin da ke faruwa a asibiti, inda gaisuwa da tambaya su ke sa tufafi iri ɗaya. Mai wannan rubutu ya taɓa kai gwaggonsa wani asibiti, tsohuwa mai hawan jini, wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda ciwon kai da jiri. Aka daɗe a layi, aka shiga. Likita yaro ne mai ladabi, ga mutane cike a waje suna jiransa. Ya ɗaga kai ya ce, "Iya, yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan." Ya ce madalla, ya rubuta a ci gaba da maganin da a ke sha, ya miƙo kati. Ita kuwa ta gyara zama, tana jira a gama gaisuwa a tambaye ta abin da ya kawo ta. Da ta ga an miƙo kati sai ta tashi, don ba ta iya ce wa likita bai gama aikinsa ba. Sai da muka kai ƙofa na koma na ce masa, likita, gaisuwarka ta amsa, ba ta fara gaya maka ciwon ba tukuna. Ya kira ta ya auna, ya ga jinin ya hau ƙwarai, a ranar aka ba ta gado.

Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, ba kuma wanda ya yi sakaci da gangan. Shi ya yi tambaya da kalmomin gaisuwa, ita ta ba da amsar gaisuwa. "Da sauƙi" ita ce amsar yaya jiki, ko mutum na gargarar mutuwa haka zai ce, in ya kasa magana na kusa da shi su ce masa. A kan ji ta a bakin mai jinya yau, gobe a ji an yi jana'iza. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san haka a gida, amma in ya sa farar riga, ya yi shekara shida ko fiye yana koyon yin tambaya da Turanci, sai ya juya tambayar littafi zuwa Hausa ta faɗa daidai kan gaisuwa bai lura ba. Likitan da ba Bahaushe ba kuwa, wanda ya koyi 'yan kalmomi don kyautatawa, ya fi shiga wannan rami.

Abin ya fi tsanani ga mata. Mai ciki ta zo awo, kanta na sarawa, ƙafafu da fuska sun kumbura, idonta na gani dishi-dishi, waɗannan kuwa alamu ne da ke iya gabatar jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. A ce mata yaya jiki, ta ce da sauƙi. Mai jego na zubar da jini fiye da kima, ga kunya a kan gaisuwa, musamman in haihuwar fari ce, ko in surukarta na tsaye a kanta. A ce sannu, yaya jiki, ta ce alhamdu lillahi. In ungozoma ta tsaya a nan, ta tsaya a zaure ta koma, ba ta ga abin da ke cikin gida ba.

Maganin wannan ba a daina gaisuwa a asibiti ba ne. Malamin asibitin da ya ce wa dattijo "me ke damunka" tun bai zauna ba, ba zai sami kome daga bakinsa ba, wataƙila ma dattijon ba zai sake dawowa ba, ya koma wurin mai magani na gargajiya wanda zai shimfiɗa masa tabarma ya tambaye shi mutan gida. A yi gaisuwar, a cika ta, ba ta cin minti guda. Sa'an nan a yi ɗan shirun nan, a sake murya, a yi tambayar da ba ta da amsa a ɗaure: ina ne ke miki ciwo, nuna mini da hannu, kwana nawa ke nan, jiya kin yi barci, zane nawa kika canza tun safe. Muna roƙon makarantun da ke koyar da likitoci da ungozomomi da malaman ɗakin shan magani a ƙasar Hausa, daga Sakkwato da Kano da Zariya har Yamai da Damagaram, su sa wannan cikin darasi da sunansa, kada a bar ko wane ɗalibi sai ya koya a kan gwaggon wani. Masu raka marasa lafiya kuma su sani aikinsu ba riƙe kati kaɗai ba ne. In tsohuwa ta ce da sauƙi, a bar ta ta faɗa, don haƙƙinta ne, sa'an nan ɗan rakiya ya ce, likita, ga abin da ya faru daren jiya.

Saurayin nan mai fassara ya sake zuwa zauren bayan mako guda, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka gaisa har ƙarshe. Ya ce labari irin wancan ya sake zuwa hannunsa, wannan karon ya rubuta cewa shugabannin biyu sun tsaya a bakin ƙofa sun gaisa, sa'an nan suka shiga shawara. Dattijo ya tambaye shi ko sun daɗe a tsaye. Ya ce kamar minti biyar. Ya ce, "To, gaishe-gaishe za ka ce."

Wassalam.